Kuɗin Sikotlan a hannuna ina cikin Manchesta: yadda na yi da su kafin in taho gida

Duk wanda ya zauna a Gilasgo ko Abadin ko Edinbara, biranen Sikotlan, ya san in ka sa katinka a ATM, yawanci abin da zai fito maka ba irin fam ɗin nan ba ne da muka saba gani a hannun 'yan canji mai hoton Sarauniya. Fam ne dai, darajarsu ɗaya, amma bankunan Sikotlan ne suke buga abinsu da kansu, bankuna uku, Bank of Scotland da Royal Bank of Scotland da Clydesdale Bank, kowanne da zanensa da kalarsa. Duk zaman da na yi a Gilasgo ina karatu da su nake sayen burodi, da su nake biyan aski, ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalle ni.

Da na gama karatu ina shirin tahowa sai kuɗi suka taru min a hannu. Na sayar da kekena da tebur da hita da wasu tarkace, duk waɗanda suka saya tsaba suka ba ni, sannan kuma kwasar adashina ta faɗo daidai watan ƙarshe. Adashi ne da muke yi mu 'yan gida, wasu ɗalibai wasu masu aikin kula da tsofaffi, kuma Hajiyar da take riƙe mana ba ta son harkar tiransifa, hannu da hannu take so. Ta miƙo min ambulan, na haɗa da na kayan da na sayar ya tashi fam 900 da 'yan kai. Shirina shi ne in sauka Manchesta da ke Ingila wurin wani yayanmu in ɗan kwana biyu in yi tsaraba, daga nan in hau jirgi, sauran kuɗin in riƙe su a hannu in canza in na isa Kano.

A wani shagon nama da kayan miya aka fara mayar min da su. Na sayi kaji da attarugu da manja na gidan da na sauka, na miƙa fam ashirin ta Clydesdale, ta leda, mai hoton tsohon sarkinsu Robert the Bruce. Yaron da ke kanta ya karɓa ya juya bayanta, ya sake juyo gabanta, ya ɗaga ta saitin fitila, ya murza ta da yatsa, sannan ya ajiye ta a kan kanta tsakanina da shi, bai sa a durowa ba kuma bai miƙo min ba, ya ƙwala wa mai shagon kira. Ga layi a bayana kowa ya zuba ido. Wallahi wannan ajiyewar da ya yi ta fi komai yi min ciwo, don ji na yi kamar an kama ni da jabu.

Mai shagon dattijo ne, kuma ya yi min magana cikin mutunci. Ya ce ɗan'uwa ka yi haƙuri, na san kuɗi ne na gaske, amma in na karɓa ba wanda zai yarda in ba shi ita a canji, sai dai ta zauna min har ranar da zan je banki, kuma yaran nan ba su san yadda ake bambance ta gaske da ta bogi ba. Sai wani mutum a layi, Bature, ya sa baki yana tare min, ya ce ai wannan ligal tenda ce, dole ku karɓa, doka ce. Dattijon dai ya girgiza kai ya ce ba dole. Na ciro kati na biya na ɗauki kayana, amma maganar mutumin nan ta tsaya min a rai, in doka ce to ya aka yi mai shago yake ƙi kuma hankalinsa kwance?

Matar yayan namu ta daɗe tana aiki a kanta a wani babban kanti, da na ba ta labari ta ce ai mai shagon ne da gaskiya, su ma abin da aka koya musu kenan a wurin aiki, kanti ne yake zaɓar abin da zai karɓa. Na ce Anti anya kuwa? Ta ce buɗe shafin Babban Bankin Ingila ka gani da idonka. A daren na zauna na karanta, na kuma bi ta wasu wuraren, kuma abin da na gano ya ba ni mamaki ƙwarai.

Wannan ligal tenda da mutane suke ta ambata a bakin kanta, a dokar Birtaniya ba maganar ciniki ba ce sam, maganar bashi ce. Abin da take nufi shi ne in wani yana binka bashi, ka kawo masa cikakken abin da yake binka cikin irin kuɗin da doka ta ayyana, to ba zai kai ka kotu ya yi nasara a kanka da cewa ka ƙi biya ba. Iyakarta kenan. Kuma ma sai ka kawo adadin cif, ba ka da hurumin cewa a ba ka canji. To kai da ka ɗauko kaza ka kawo kanta ai ba a binka komai tukuna, ciniki bai faɗa ba, tayi kake yi, shi kuma mai kaya yana da damar ya ce ga sharaɗinsa. Shi ya sa za ka ga shago ya manna takarda cewa ba ya karɓar fam hamsin, alhali ta Babban Bankin Ingila ce, wani kuma ya rubuta kati kawai ba ya karɓar tsaba gaba ɗaya, kuma ba wanda zai kama shi. Motocin bas na Landan tun shekarar 2014 suka daina karɓar tsabar kuɗi. Shi kansa katin da kowa yake biya da shi ba ya cikin abin da dokar ta ayyana, yarda ce kawai tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Abin da ya fi ɗaure min kai, takardun kuɗin Sikotlan ko a cikin Sikotlan ɗin ma ba su da wannan matsayin. Ba su da shi a ko'ina. Su kuma na Babban Bankin Ingila a Ingila da Wels kawai suke da shi, da ka haye Sikotlan ko Ailan ta Arewa shi kenan sun rasa. A waɗannan yankuna biyu sulalla ne kawai doka ta ayyana, ba takarda ko ɗaya. Wato duk zaman da na yi a Gilasgo, ni da mai shago da direban tasi da mai gidan haya, da yarda kawai muke ta mu'amala kuma ba abin da ya lalace. Sulallan ma da iyakarsu, dokar 1971 ta tsara: na fam ɗaya da na fam biyu ko nawa ne za ka iya biyan bashi da su, amma na kwabo 50 da na kwabo 20 iyakarsu fam 10, na kwabo 10 da na kwabo 5 iyakarsu fam 5, su kuma jajayen nan na kwabo ɗaya da biyu ba za su wuce kwabo 20 ba. An yi haka ne don kada wani ya ciko buhu da sulalla ya zube wa mai binsa bashi don ya ƙuntata masa.

Mu 'yan Najeriya dole abin ya zo mana wani iri, don a gida ba haka yake ba. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta faɗa ƙarara cewa ƙin karɓar naira laifi ne, tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata 6. Kuma ba wanda ya manta abin da aka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da aka sauya 200 da 500 da 1000, mutane suna kwana a layin ATM, mai kayan miya yana ƙin tsohon kuɗi sabo kuma babu shi, har gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ranar 3 ga Maris 2023 kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. To wanda ya fito daga wannan, a kansa in hukuma ta ce kuɗi ne to dole kowa ya karɓa. Birtaniya ba su ɗora abin a kan haka ba.

Sai tambaya ta biyu ta taso min, wadda gaskiya ita ta hana ni barci, in ba doka ce ta tilasta ba to me ya tsaya wa takardun nan da ke cikin ambulan ɗina? Nan kuma hankalina ya kwanta. Majalisar Birtaniya ce ta ba bankunan izinin bugawa, halastaccen kuɗi ne. Kuma tun bayan rikicin bankuna na 2008, wanda ya kusa kayar da Royal Bank of Scotland ɗin kansa sai da gwamnati ta tallafe shi, aka yi dokar bankuna ta 2009 wadda ta ce duk fam ɗaya da suka buga sai sun ajiye madadinta cif, cikin takardun Babban Bankin Ingila ko sulalla ko ajiya a asusu a Babban Bankin, kuma shi ne yake sa musu ido. Har wasu takardu na musamman ake bugawa saboda wannan ajiyar, ta fam miliyan 1 da ta fam miliyan 100, ba sa fita kasuwa, suna kulle. Ma'ana ko bankin ya rushe gobe mai riƙe da takardar ba zai yi asara ba.

Abin kuma tsohon tarihi ne. An kafa Babban Bankin Ingila a 1694, Bank of Scotland a 1695, shekara ɗaya tsakaninsu, Royal Bank a 1727. A da can a Ingila ma ƙananan bankuna suna buga nasu, dokar 1844 ce ta fara rufe ƙofar a hankali har na ƙarshe ya daina a 1921, su kuma 'yan Sikotlan suka riƙe nasu gam. A 1826 da gwamnati ta so hana su buga ƙananan takardu, marubucin nan Walter Scott yana cikin waɗanda suka tashi tsaye har aka janye, shi ya sa hotonsa yake kan takardun Bank of Scotland har yau. Don haka in ka ga ɗan Sikotlan ya fusata a Landan don an ƙi kuɗinsa, ba fam ashirin ɗin ce ta dame shi ba, yana jin ƙasarsa aka raina. Na fahimci mutumin nan na layi, da zuciya ɗaya ya tare min, doka ce dai ba ta gefensa.

To yanzu sai yadda zan rabu da su. Kashewa a hankali ba zai yi ba tunda tafiya ta matso, kuma yayan namu ya gargaɗe ni ya ce kada ka kuskura ka kai waɗannan gida, 'yan canji ba su san su ba, wanda ya sani ma sai ya karya maka farashi son ransa. Wani abokinmu ɗan Maraɗi da yake wurin ya ce su wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu, sefar Nijar da sefar Chadi ko Kamaru darajarsu ɗaya amma bankuna biyu ne suke buga su, ɗaya a Dakar ɗaya a Yawunde, in ka kawo ta Injamena kasuwar Maraɗi sai ka nemi ɗan canji kuma sai ya ci wani abu a kai.

Da safe na shiga reshen banki mafi kusa da gidan. Matar da ke kanta ta tambaye ni kana da asusu da mu? Na ce a'a, canji kawai nake so, ku karɓi waɗannan ku ba ni na Ingila. Ta ce ba sa yi wa wanda ba kwastomansu ba, ƙa'idarsu ce, in je bankina. Ba ta ko taɓa ambulan ɗin ba. Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya sani tun kafin ya ɓata ƙafarsa, banki ba ya yi maka musaya haka kawai don ka shigo, hanyar ita ce ka zuba a asusunka sannan ka cire. Shi ma Babban Bankin Ingila da ke Landan nasa takardun kawai yake canzawa, ba ya karɓar na Sikotlan.

Bankina kuma sai da na hau bas zuwa tsakiyar gari, don rassa da yawa an rufe su a unguwanni. Akwai na'urar zuba kuɗi a bakin ƙofa, na fara da ita. Na jera takardun na daidaita bakinsu na tura, ta yi ƙara tana ƙirgawa, ta haɗiye mafi yawa ta turo min wasu 'yan kaɗan waje. Na duba, biyu sun lanƙwashe ne a kusurwa, kuɗin leda in ya naɗe ba ya son miƙewa, na shafa su a gwiwa na sake turawa suka shige. Sauran ta ƙi su fur, ciki har da wata fam goma da ban ma lura da ita ba sai a lokacin, zanenta a tsaye yake ba a kwance ba, an rubuta Ulster Bank. Ta Ailan ta Arewa ce, ta shigo cikin kuɗin adashi, wataƙila daga hannun wani da ya je Belfas. Su ma can bankuna uku ne suke bugawa yanzu, Bank of Ireland da Danske Bank da Ulster Bank, kuma nasu ya fi na Sikotlan wahalar kashewa a Ingila don mutane da yawa ba su taɓa ganinsu ba, wani yana ganin sunan Ailan sai ya ɗauka kuɗin wata ƙasa ne, alhali Jamhuriyar Ailan yuro take kashewa.

Na bi layi na kai wa kashiya sauran. Ita ko a jikinta, ta saba. Ta ƙirga, ta haska su a ƙarƙashin wata 'yar fitila, ta tsaya a kan wata ashirin ta Royal Bank mai hoton kurege biyu a baya ta ce wannan tana burge ta, sannan ta ware su gefe ta ɗaure da roba daban, ba ta haɗa su da na durowarta ba. Na tambaye ta dalili, ta ce ba sa sake ba wa kwastoma su a nan, tattarawa ake yi a mayar da su inda suka fito. Nan na ƙara gane maganar dattijon mai shago, kuɗin da banki kansa ba ya mayarwa hannun jama'a a garin, ta yaya yaron kanta zai saba da shi? Ta tambaye ni daga ina kuɗin, na ce kayan ɗaki na sayar da kuma adashi, na ɗan yi mata bayanin yadda muke zubi kowane wata mutum ɗaya ya kwashe, ta gyaɗa kai ta buga min rasit. Ko kwabo ba a cire min ba, fam ɗaya ta Sikotlan fam ɗaya ce a asusu.

A take na ce ina so in cire, ta ba ni na Babban Bankin Ingila, masu tsabta, manya in da hali. Ta haɗa min hamsin-hamsin da ashirin-ashirin, wasu da hoton marigayiya Sarauniya Elizabeth wasu da na Sarki Charles waɗanda suka fara fita a watan Yunin 2024, duka suna aiki tare. Na duba na tabbatar duk na leda ne, don tsofaffin ashirin da hamsin na takarda an janye su tun 30 ga Satumba 2022, kuma har yanzu akwai masu su a gida cikin akwati suna zaton za su kashe a shago in sun zo. Waɗannan sai dai banki, Babban Bankin Ingila yana canza nasa tsofaffi komai daɗewarsu.

Ni dai nawa ya zo da sauƙi saboda ina da asusu. Wanda nake tausayi shi ne sabon zuwa, wanda bai buɗe asusu ba tukuna don ana ta neman takardar shaidar adireshi, ga shi an biya shi ɗan aikin da ya yi da kuɗin Sikotlan, ya sauko Ingila da su kuma su kenan gare shi. Mai kati in an ƙi sai ya ciro kati, shi kuwa sai dai ya mayar da kayan ya fita mutane suna kallonsa, kuma in baƙar fata ne dole zuciyarsa ta raya masa wani abu ko da ba shi ne dalilin ba. A ganina wannan bai dace ba. Ban ce a kama mai ƙaramin shago ba, na ji uzurinsa kuma uzuri ne na gaske, amma ƙasa ɗaya ce, majalisa ɗaya ce ta halasta kuɗin, hotunan takardun da alamomin gane na gaske duk suna nan a intanet kyauta, koya wa ma'aikaci ba zai ci rabin awa ba. Manyan kantuna da yawa suna karɓa, to me zai hana sauran?

Kafin in taso wani yaro ɗan Zariya da ya zo karatu ya kira ni, an ba shi lambata, irin wannan matsalar ce ta same shi da fam sittin. Na ce masa ya fara gwada manyan kantuna, musamman na'urar nan da mutum yake biya da kansa, ita ba ruwanta da fuska, in ta gane takarda ta karɓa kuma canjin da za ta ba shi yawanci na Ingila ne, ya sayi ƙaramin abu da ashirin ya karɓi sauran. Tashoshin jirgin ƙasa da garuruwan da ke kusa da iyaka irin su Kalail da Niyukasil ma sun fi sabawa da su. In ya buɗe asusu kuma, bankuna da yawa suna bari ka zuba kuɗi ta gidan waya ba sai ka nemi reshe ba. Kuma in zai miƙa wa mutum, ya faɗa tun kafin a ɗaure masa kaya, ya ce kuɗin Sikotlan ne da ni kuna karɓa? In an ce a'a ya yi gaba, kada ya tsaya musu da zancen doka. Biyu daga cikin takardunsa uku na'urar ta karɓa, ta ukun ya kawo min gida da yamma na ba shi ta Ingila, ni kuma na bar wa Anti ita ta zuba a asusunta.